Idan Injin Haɗa Littafin Jagora Ya Tsufa: Nasiha Ga Matasa Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ya taɓa kai tsohon fayil na Hausa shagon buga takardu, a Unguwar Sanusi ko a layukan Tudun Wada da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya san wani abin takaici. Ana buɗe fayil ɗin sai a ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Marubucin bai yi kuskure ba. A zamanin da ya yi rubutun, samun haruffa masu ƙugiya a kwamfuta aiki ne ja, har sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Dabarar ta yi wa Hausa hidima shekara da shekaru, da ita aka buga littattafai da kundayen digiri masu yawa. Amma da duniya ta koma tsarin Unicode, duk kwamfutar da ba ta da wannan salon sai ta fito da alamar da ke ƙarƙashi. Rubutun yana nan lafiya lau, kayan aikin da ke fito da shi ne zamani ya wuce.

Irin wannan matsala ce ke jiran ƙannenmu da suka fara sa hannu a manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke da damar karanta lambobinsu, ya gyara, ya raba. Matasan nan kullum ƙaruwa suke yi. Tun da aka buɗe cibiyar CoLab a Barnawa a 2016, Kaduna ta zama mahaɗar masu koyon rubuta manhaja. Masu binciken HausaNLP suna ajiye ayyukansu a GitHub, kamar tarin bayanan NaijaSenti na 2022, don kowa ya ɗauka. Ma'aikatan lafiya a Arewa kuwa sun daɗe suna aiki da ODK, manhajar tattara bayanai ta waya da aka yi amfani da ita a yaƙi da shan-inna, da DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda Najeriya ke tara alƙaluman asibitocinta a ciki. Kowace daga cikinsu tana da littafin jagora, kuma sau da yawa shi ne kaɗai malamin da ma'aikaci ke da shi idan ya maƙale a bakin aiki.

Yadda injin ke mutuwa

A irin waɗannan ayyuka ba a rubuta jagora a Word. Ana rubuta shi cikin fayiloli na zallan rubutu masu 'yan alamomi, a tsarin Markdown ko reStructuredText, a ajiye su kusa da lambobin manhajar a rumbu ɗaya. Daga nan wata manhajar dabam ce ke tattara fayilolin, ta jera babi-babi, ta yi fihirisa, ta fitar da shafukan karantawa ko littafin PDF. Sphinx da MkDocs da Doxygen da Docusaurus duk wannan ne aikinsu. Jagorar ODK, alal misali, da Sphinx ake haɗa ta.

Rauninsu shi ne babu wadda ke tsaye da ƙafarta. Kowace ta jingina da wasu ƙananan manhajoji masu yawa, kowace da masu ita, kowace da lokacin da take sauya fasali. A watan Oktoba na 2021 aka saki siga ta 0.18 ta docutils, wadda Sphinx ke karanta rubutu da ita. Nan take ayyuka da dama da ke zaune a kan tsohuwar Sphinx suka wayi gari jagorarsu ta ƙi haɗuwa, alhali ba wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a ciki. A Maris na 2022 Jinja ta 3.1 ta cire wasu tsofaffin sunaye daga cikinta, tsofaffin sigogin Sphinx da MkDocs suka sake faɗuwa. Python ta 3.12 ta fito a Oktoban 2023 babu distutils. Ta 3.13 ta biyo baya a Oktoban 2024 babu imghdr, ɗan ƙaramin sashen da tsohuwar Sphinx ke gane nau'in hoto da shi.

Yawancin waɗannan sauye-sauye an yi shelarsu tun da wuri. Python 2 ma an so a yi ritayarta a 2015, aka ƙara wa mutane wa'adi har 1 ga Janairun 2020, kuma duk da haka ranar ta riski ayyuka da yawa ba su shirya ba. Read the Docs, dandalin da ke haɗa wa dubban ayyuka jagorarsu kyauta tun 2010, ya san halin mutane, don haka da zai wajabta sabon fayil ɗin saiti a 2023 sai ya bi hanyar jan kunne. Ya dakatar da haɗa jagorar waɗanda ba su sauya ba na awa 12 a watan Yuli, awa 24 a Agusta, awa 48 a farkon Satumba, sannan ya rufe ƙofar baki ɗaya ranar 25 ga Satumba. Aikin da babu mai duba saƙonninsa, jagorarsa ta daskare a inda take, manhajar tana ci gaba da canzawa, littafin yana koyar da abin da ya riga ya wuce.

Wannan daskarewar ita ce babbar illa, domin shafukan ba sa ɓacewa. Suna nan, suna da kyan gani, mai karatu kuma ya yarda da su. Sai ya bi umarnin shekara uku da suka wuce, abu ya ƙi, ya ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne bai iya ba.

Jarrabawa biyu

Matashin da ya ci karo da irin wannan yakan faɗa ɗayan ramuka biyu. Na farko shi ne ya kau da kai. A ganinsa jagora aikin raggwaye ne, gwani shi ne mai ƙara wa manhaja sabon abu. Na biyu ya fi haɗari saboda yana kama da himma: ya ga tsohon injin ya raina shi, ya kwana biyu yana kwashe komai zuwa wanda ake yayi, ya miƙa gyara mai taɓa fayil ɗari uku a lokaci guda. Masu kula da aikin, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne masu duba gyare-gyare da dare bayan sun taso daga neman abinci, ba su da lokacin tantance wannan tulin. Ko dai gyaran ya kwanta ba amsa har mai shi ya yi fushi ya tafi, ko a karɓa cikin gaggawa, daga baya a tarar garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya kamata matashi ya riƙe shi ne, amanar da ke hannunsa rubutun ne, da tarihin waɗanda suka rubuta shi, da adireshin da mutane suka saba samunsa, da fassarorin da aka yi masa. Inji kuwa ana iya sauya shi, kuma an sha sauyawa. Harshen Python kansa da LaTeX ake rubuta jagorarsa shekaru da yawa, a ƙarƙashin kulawar Fred Drake, har Georg Brandl ya ƙirƙiro Sphinx a 2008 ya juya rubutun zuwa sabon tsari, aka fito da shi tare da Python 2.6.

Misalin da ya fi cancantar nazari shi ne na Linux. Jagorar zuciyar Linux ta daɗe a tsarin DocBook, mai nauyi da wuyar rubutu, wanda ya sa masu gyara da yawa ke gudunsa. An daɗe ana shawara, an auna AsciiDoc, kafin a tsaya a kan Sphinx. Jonathan Corbet, mai kula da sashen jagora, da Jani Nikula suka shigo da sabon injin a siga ta 4.8 a 2016, amma ba su taɓa tsohon ba. Injuna biyu suka zauna tare, ana ɗauke littattafai ɗaya bayan ɗaya, Mauro Carvalho Chehab ya ɗauki nauyin juya babban kundin na'urorin hoto da bidiyo. Bayanan da masu rubuta manhaja suka saba sakawa a cikin lambobinsu an bar su a tsarin da suka sani. Sai a siga ta 4.13, a 2017, bayan an kwashe littafi na ƙarshe, aka cire DocBook. Gyaran gidan gado ke nan da iyali a ciki: ɗaki-ɗaki ake bi, ba a yaye rufin gida duka ana tsakiyar damina.

Inda ake farawa

Matakin farko shi ne a tayar da tsohon injin kamar yadda yake, ko da sau ɗaya. Matashi ya duba ranar da jagorar ta haɗu lafiya a karo na ƙarshe, ya nemo sigogin manhajojin da ake amfani da su a wancan lokacin, ya girka su a keɓaɓɓen wuri cikin kwamfutarsa, ko a cikin Docker, don kada su gurɓata masa sauran ayyuka. Idan littafin ya fito, ya adana kwafinsa. Wannan kwafin ne ma'aunin da za a gwada duk abin da zai biyo baya da shi. Wanda bai ga yadda littafi yake a asali ba, ba zai gane ranar da babi guda ya salwanta ba.

Saƙon kuskure ma a karanta shi da natsuwa. Yakan zo da layuka masu yawa masu firgitarwa, amma a Python layin ƙarshe ne ke faɗin abin da ya faru, na samansa kuma su nuna a cikin wace manhaja ya faru. Sau da yawa maganin layi ɗaya ne.

Mataki na biyu shi ne a ɗaure sigogi. A rubuta a fayil guda cewa wannan jagorar da siga kaza ta Sphinx ake haɗa ta, da siga kaza ta docutils, da siga kaza ta jigon da ke ƙawata shafi. Da yawa daga ayyukan da suka faɗi a 2021 da 2022 sun faɗi ne don sun bar ƙofa a buɗe, duk sabuwar sigar da ta fito sai ta shigo ba sallama. Wannan ɗan gyaran shi ya fi dacewa ya zama gudummawar farko ta sabon shiga: ƙarami ne, mai kula da aiki zai fahimce shi cikin minti biyu, kuma yana farfaɗo da littafin da ya daskare.

Sai dai ɗaurewa jinkiri ce kawai take sayowa. Bayanta dole a tambayi kai: injin nan tsufa ya yi ko mutuwa? Idan masu shi suna nan suna sakin sababbin sigogi, ɗaga shi ake yi, siga bayan siga, ana karanta bayanin canje-canjen kowace, ana haɗa littafin a kowane mataki. Idan kuwa an rufe rumbunsa, ko ba ya tashi sai da Python 2, ko masu shi da bakinsu sun nuna magaji, to lokacin ƙaura ya yi. Masu recommonmark sun tura mutane zuwa MyST. Da kamfanin GitBook ya bar tsohuwar manhajarsa ta kwamfuta ya koma hidimar intanet, wasu suka ci gaba da ita da sunan HonKit. Masu GTK sun bar gtk-doc suka koma gi-docgen da Emmanuele Bassi ya rubuta a 2021. Bin magajin da aka riga aka share wa hanya ya fi ƙirƙiro sabuwar hanya sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin a ɗaga ko fayil ɗaya, a nemi izini. Matashi ya buɗe batu a rumbun aikin, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya lalace, ya nuna saƙon kuskuren, ya kawo shawararsa, ya tambaya ko wani ya riga ya fara. Tarbiyyar da aka ba shi a gida, ta cewa ba a shiga gidan mutane a fara jan kujeru, ita ce dai ake bukata a nan. Wataƙila akwai dalilin da ya sa aka zauna a kan tsohon injin, kamar wani tsarin Linux da ke rarraba manhajar kuma bai da sabon. Masu kula da ayyuka sun ƙoshi da gyaran neman suna. A Hacktoberfest na Oktoban 2020 an yi musu ambaliyar gyare-gyaren banza daga masu neman kyautar riga, har kamfanin DigitalOcean da ke shirya shi ya sauya dokar shirin cikin 'yan kwanaki. Wanda ya zo da tambaya mai ma'ana da hujja a hannu, nan da nan ake bambanta shi da waɗancan.

Abubuwan da ke zubewa a hanya

Idan an amince da ƙaura, doka ta farko ita ce kada a haɗa sauya inji da gyaran jimla. Ko an ga kuskuren rubutu ƙuru-ƙuru, a bar shi sai an sauka. Mai dubawa yana son ya tabbata cewa abin da ya shiga shi ne ya fito, kuma ba zai iya ba idan an cakuɗa biyun. A sauya wa fayiloli suna ta hanyar Git a mataki na dabam, don tarihin wanda ya rubuta kowane layi ya biyo su. Pandoc, wadda John MacFarlane na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya fara a 2006, tana juya rubutu daga tsari zuwa tsari cikin daƙiƙu, amma jadawali da bayanan ƙasan shafi da nuni daga babi zuwa babi sai an bi su da ido.

Abu na biyu shi ne adireshi. Shafin jagora da ya shekara goma a wuri ɗaya, an ambace shi a littattafai, a takardun horaswa, har a cikin saƙonnin kuskuren manhajar kanta. Sabon inji yakan zo da nasa tsarin sunaye, sai duk waɗannan hanyoyi su toshe. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi gargaɗi a kan canza adireshi barkatai. A jera tsofaffin adireshi duka, a tabbata kowanne yana kai mutum sabon wurinsa. Sphinx na da umarnin linkcheck da ke bin mahaɗan waje yana faɗin waɗanda suka mutu.

Na uku ya fi shafar mu. Ayyuka da yawa suna ajiye fassara a fayilolin gettext, inda kowace jimlar Hausa ke rataye da jimlar Ingilishin da aka fassaro ta daga gare ta. Idan ƙaura ta canza alama ɗaya a jimlar asali, ko ta raba sakin layi gida biyu, sai a ɗauki fassarar a matsayin mai shakka, shafi ya koma Ingilishi. Aikin da wata baiwar Allah ta yi wata da watanni tana yi kyauta zai iya ɓacewa a dare ɗaya ba wanda ya lura, domin masu kula da aikin ba sa jin Hausa. Matashin Kaduna da ke wurin shi ne idon da za a gani da shi. Ya ƙidaya jimlolin da aka fassara kafin ƙaura da bayanta. Ya gwada PDF da shafi mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, domin pdflatex, wanda Sphinx ke kira idan ba a ce masa komai ba, yakan tsaya a kan waɗannan haruffa, kuma sauya saitin zuwa xelatex tare da salon haruffan da ke ɗauke da su yakan warware matsalar. Ya duba kalmomi irin su 'ya'ya da 'yan'uwa, saboda injunan da ke ƙawata alamar zance sukan ɗauki alamar farkon kalmar a matsayin buɗe magana su juya ta. Ya kuma gwada akwatin bincike, ya ga ko wanda ya rubuta "kasa" a wayar da ba ta da ƙugiya zai sami "ƙasa".

Na huɗu nauyi. Wanda ke zaɓen inji a inda intanet ke gudu kamar ruwa ba ya tuna mai sayen data da kuɗin aljihunsa, mai lissafin cajin kwamfuta kafin a ɗauke wuta. Cikakken TeX Live, wanda ake fitar da PDF da shi, gigabayit da dama ne, wasu injunan zamani kuma sai sun sauko da ɗaruruwan ƙananan manhajoji kafin su fitar da shafi ɗaya. Ya dace ɗan Unguwar Sanusi ya faɗi wannan a fili lokacin da ake shawara: nawa ne nauyin kayan da mai son ba da gudummawa zai sauke, shafin yana buɗewa a ƙaramar waya, kuma akwai kwafin da ma'aikaciyar asibitin ƙauye za ta sauke ta karanta inda babu sabis? Tambayoyi ne da ke gyara shawara, kuma ba kowa ne a wurin zai iya kawo su ba.

Bayan an sauka

Jagora takan lalace ne a ɓoye saboda ba a haɗa ta sai ranar sakin sabuwar siga. Maganin shi ne a sa ta cikin gwajin da ke gudana kai tsaye duk lokacin da wani ya miƙa gyara, kamar yadda ake gwada lambobin manhajar. A Sphinx akwai zaɓin -W da ke ɗaukar kowane gargaɗi a matsayin kuskure, don kada ƙananan matsaloli su taru. Dependabot da Renovate kuma suna kawo shawarar ɗaga sigar da aka ɗaure duk lokacin da sabuwa ta fito, a gwada ta ita kaɗai, a karɓa ko a jinkirta da sani. Shi kansa wurin gwajin yana iya tsufa: da aka rufe travis-ci.org a 2021, ayyuka da yawa sun koma GitHub Actions, waɗanda ba su koma ba gwajinsu ya tsaya shiru.

Sannan a cire tsohon injin gaba ɗaya, da fayilolin saitinsa, da umarnansa. Barin biyu bayan an gama ƙaura rikita na baya yake yi. A rubuta gajeren shafi mai faɗin yadda ake haɗa jagorar daga kwamfuta sabuwa fil, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan injin, a ba wani abokin karatu da bai taɓa ganin aikin ba ya bi umarnin. Inda ya tsaya, nan ne shafin ke da giɓi.

Matashi ko matashiyar da ta bi wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe ta koyi Git, da sarrafa sigogi, da gwaji kai tsaye, da karanta saƙon kuskure, da yadda ake shawara da mutanen da ba a taɓa gani ba, kuma duk wannan yana rubuce da sunanta a inda mai ɗaukar aiki zai iya dubawa. Shirye-shirye irin su Outreachy suna biyan masu koyon aiki a buɗaɗɗun manhajoji, har da aikin jagora, kuma gudummawar da mutum ya riga ya bayar suke dubawa wajen zaɓe. Ƙungiyar Open Source Community Africa, da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, tana haɗa masu irin wannan sha'awa a biranen nahiyar.

Aikin kuma yana da kalandarsa. Python tana sakin sabuwar siga kowane Oktoba, tana kula da kowace shekara biyar: wa'adin 3.9 ya cika a Oktoban 2025, na 3.10 zai cika a Oktoban 2026. Wanda ya karɓi riƙon jagorar wani aiki ya sa wannan watan a lissafinsa. Idan sigar gwaji ta fito a tsakiyar shekara, ya haɗa littafin da ita, ya karanta gargaɗin da ta bayar, ya buɗe batu a kan duk abin da aka ce za a cire, tun da sauran watanni a gyara.